Daga Shunin Kaka Zuwa Dayis Ɗin Kasuwa



Silin gashi uku ne suka sa na ɗauki biro a kan wannan magana. Wata ranar Alhamis ina zaune a tsakar gidana a Kazaure, na tsefe kai mai kitso tana tsaga, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Anti, kin yi baƙi fa." Na ce su wa? Sai ta miƙo mini madubi. Ga su nan a gaban goshi, farare fat, sun miƙe tsaye kamar an aiko su. Shekarata 33 a lokacin. Kuma ba zan ɓoye miki ba 'yar uwa, a daidai wannan watan ne ake ta raɗe-raɗin maigidan zai ƙara aure. Ke ma kin san yadda zuciya take a irin wannan hali, ko ƙuda ne ya sauka a jikinki sai ki ce turo shi aka yi.

Ban yi shawara da kowa ba. Ranar kasuwa na aiki yaro wajen mai koli, ya sayo mini wani ƙullin baƙin gari a 'yar leda, babu suna, babu takarda, babu komai. Na kwaɓa na shafa, kai ya yi baƙi wuluk, na ji daɗi. Bayan wata guda na sake. A karo na uku, kwana biyu da shafawa na tashi da asuba na kasa buɗe ido. Goshina ya kumbura, kunnuwana sun yi jawur suna tsatstsafar da ruwa, fatar kai kuwa kamar an zuba mini garwashi. Wadda ta so ta ɓoye sili uku, sai ga ta tana ɓoye fuska gaba ɗaya har kwana goma sha.

A cikin masu zuwa dubiya har da Kakata ta wajen uwa, wadda aka ɗauko a mota daga Roni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki baƙi ake sa wa kai? Mu da muna 'yan mata shuɗi muke sawa, kuma ba mu taɓa kumbura ba." Na ɗauka rikicin tsufa ne, har na yi dariya da kumburarren bakina. Na ce, "Kaka, shuɗi kamar bula?" Ta ce, "Shuni dai, ja'ira." Wannan kalma ce ta sa da na warke na shiga bin tsofaffi da tambaya, ina kuma karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi.

Ashe gaskiyarta ne. A ƙauyen su Kaka ta wajen Gwiwa, inda aka haife ta kafin aure ya kai ta Roni, idan salla ta gabato ko biki, mace takan wuni gaban mai kitso a yi mata doka, wato wannan kitson mai tudu a tsakiyar kai kamar zankon zakara. Idan an gama sai a kwaɓa shuni da man shanu a bi kitson da shi layi-layi, har sai ya ɗauki wani irin sheƙi, shi ba baƙi ba shi ba shuɗi ba, wanda in rana ta doke shi sai ya yi ta walƙiya kamar bayan tsuntsun shaya. Ta ce kallabi yakan rine, matashin kai ya rine, wuyan riga ya rine, kuma babu mai jin kunyar haka. Wadda aka ga ƙeyarta da shuɗi, an san an kashe mata kuɗi ke nan.

Kada ki ce labarin tsofaffi ne kawai, akwai shi a rubuce. A ranar 20 ga Janairu 1824 wani Bature ɗan ƙasar Birtaniya mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya shigo Kano daga Barno. Bai tarar da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a cikin gari ba, yana sansani a bayan gari yana shirin yaƙi da Ɗantunku, wato wanda ya kafa masarautarmu ta Kazaure bayan ya ƙi yi wa Dabo mubaya'a a 1819. Kin ga ke nan labarin bai yi nisa da gida ba. To shi wannan Bature yana da son kallon ƙananan abubuwa, kuma a littafin tafiyarsu da aka buga a Landan a 1826 ya ba da labarin yadda ya ga matan Kano da na Barno suna rina gashinsu da shuni, har da gira da hannu da ƙafa. Ya ma faɗi yadda aka gaya masa ana haɗa shi. Wai tsohuwar riga ake samu a tsattsaga a sake rina ta, a haƙa rami a binne ta da kashin tumaki da ruwa, bayan kamar kwana bakwai ko takwas a tono ta ta riga ta ruɓe, a shanya. Tsawon gaba guda na wannan tsumma ana sayar da shi wuri 400. Mace sai ta jiƙa kaɗan, ta riƙe gashin tsuntsu a hannu ɗaya, madubi a ɗayan, ta zauna tana yi wa kanta ado a ɗakinta. Shekara ɗari biyu ke nan da suka wuce. Da na karanta wa Kaka wannan wuri sai ta ce ita dai ba ta san zancen kashin tumaki ba, nasu a wajen masu koli suke saye a curi, amma madubin da gashin tsuntsun kam haka ne.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kullum muna faɗin wata magana ba mu san daga inda ta fito ba. Idan muna nufin masu kuɗi sai mu ce masu hannu da shuni. Me ya haɗa shuni da dukiya? A wancan zamani rini shi ne arzikin ƙasar Kano, kuma mu nan duk a cikin hadahadar muke, don Babura ma a ƙarƙashin Kano take har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa ta koma masarautar Ringim. Ana noman baba a gonaki, a yanke ganyen a daka a cure a shanya. Marina su zuba shi a rami mai zurfi da ruwan toka da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsawa, har ya nuna. Idan an tsoma zane aka ciro, da farko kore-kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonki. Sai a yi ta tsomawa ana shanyawa har ya yi duhu, sannan a kai wa mabuga su barbaɗa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya yi ƙyalli. Turkuɗin Kura da rigar kore haka ake yin su. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Duk wanda ya sa irin wannan tufa, shunin sai ya zuba a jikinsa. Gwaggona da ke aure a Babura, kusa da iyakar Nijar, ta ce har ta girma tana ganin Buzaye suna shigowa da raƙuma, goshinsu da kumatunsu sun yi shuɗi saboda rawani, kuma su a wajensu ado ne. To macen da ta shafa shuni a kanta, dukiyar ƙasar ce ta ɗora a kai don kowa ya gani. Ba ta ɓoye komai. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar wadda ba ta san furfura ba ita ce ma ta fi shafawa.

Launi na biyu da iyayenmu suka sani shi ne na lalle, kuma shi ma ya daɗe ƙwarai a duniya. Gawar Fir'auna Ramsis na biyu da aka kai Faris a 1976 aka bincika, an tarar gashinsa rinanne ne da lalle, mutumin da ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Masana harshe suna danganta kalmarmu ta lalle da ta Buzaye, anella, wato alama ce ta hanyar da ya biyo ya iso mana, ta Sahara. A gidajen ƙauye da yawa bishiyar lalle a bayan ɗaki take ko a jikin danga, a tsinko a shanya a daka a tankaɗe. Mun fi saninsa a ƙunshi da kamun amarya, amma tsofaffi mata suna sa shi a kai, tsofaffi maza kuma a gemu. Wa bai taɓa ganin dattijo mai jan gemu a sahun gaba ba?

Nan kuma dole addini ya shigo, don ba a raba Bahaushiya da tambayar ko ya halatta. Malamarmu ta Islamiyya ce ta warware mini. Ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyadina Abubakar wajen Manzon Allah (SAW), kansa da gemunsa sun yi fari fat, sai aka yi umarni a sauya farin da wani abu amma a nisanci baƙi. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Shi kansa Sayyadina Abubakar an ruwaito yana rini da lalle da wani ganye da Larabawa ke kira katam. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda duk wanda ya yi zaman zaure a ƙasar nan ya san ta, hukuncin shi ne rini da baƙi makaruhi ne bai kai haram ba, na lalle da katam kuwa babu laifi. Masu sharhi suka ƙara da cewa in don yaudara aka yi, kamar tsoho ya rina ya je neman aure a matsayin saurayi, to nan ya haramta. Ni ba malama ba ce, kowa ta tambayi malaminta. Amma na yi mamaki ƙwarai da na gane cewa a cikin duk launukan duniya, wanda malamai suka yi taka-tsantsan da shi shi ne kaɗai muke rububi a yau.

To yaya aka yi muka bar shuɗi da ja muka koma baƙi? Amsar tana can Turai, kuma ta faro ne daga kuskuren wani yaro. A 1856 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro daga dattin kwal, sai ya samu wani abu mai rina alharini ruwan hoda mai duhu. Daga nan Turawa suka gane ba sai an noma launi a gona ba, ana iya dafa shi a masana'anta. Jamusawa suka ɗauki abin da gaske. Wani masaninsu, Adolf von Baeyer, ya yi shekaru yana bin sirrin baba har ya gano shi, kuma a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da baban da bai taɓa ganin gona ba. Kafin a kai 1914 manyan gonakin baba na Indiya sun durƙushe. Mu kuma Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, atamfa da yadi da garin rini na gwangwani suka yi ta kwararowa. Marina ba su mutu dare ɗaya ba, a hankali aka yi ta barin ramukan ɗaya bayan ɗaya, har ya zama garuruwa da yawa sai sunan unguwa ya rage, a ce miki nan ce Marina ko Karofi, ki duba ba ki ga rami ko ɗaya ba. Ta Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, ita ce ta fi shahara a cikin waɗanda suka rage, har baƙi na zuwa ɗaukar hoto. Da doka ta tafi, shuni ya bi ta. Inna ta ce ita da ta tashi, duk yarinyar da aka gani da shuni a kai sunanta baƙauya.

Abin da zai ba ki haushi, gidan da ya kashe mana baba shi ne ya dawo ya sayar mana da na kai. A 1863 malamin wancan yaro Perkin, wato August Hofmann, ya haɗa wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD, shi ma daga dangin dattin kwal. A 1883 aka yi masa rajista a Faransa a matsayin abin rina gashi. A 1907 wani matashi a Faris, Eugène Schueller, ya fara haɗa nasa rinin a ɗakinsa yana bin masu gyaran gashi yana sayar musu, a 1909 ya kafa kamfanin da ya zama L'Oréal. A Amurka kamfanin Clairol ya fitar da wanda mace za ta yi da kanta a gida a 1956, kuma duk tallarsa an gina ta ne a kan abu ɗaya, cewa babu mai ganewa kin rina. A Japan kuma kamfanin Hoyu na birnin Nagoya ya fitar da garin Bigen a 1957, wanda ruwa kawai ake zuba masa. Ki lura da bambancin. Kaka tana shafawa ne don a gani, wannan kuwa ana shafa shi don kada a gani. Hatta sunan da muke kiran baƙin da shi, dayis, daga bakin Turawa muka are shi.

A nan sai na tsaya na tuhumi kaina, da ni da 'yan uwana marubuta. Ki ɗauko littafin soyayya goma a kasuwa, tun daga na shekarun 1990 har zuwa na yau da ake karantawa a waya, ki duba yadda muke siffanta tauraruwa. Fara ce sol, doguwa, hanci har baka, gashinta baƙi wuluk mai santsi ya sauka har gadon baya, sai ka ce Balarabiya ko Ba'indiya. Ni da hannuna na rubuta haka ba sau ɗaya ba. Mun tashi muna kallon finafinan Indiya, muka kwaso gashin muka liƙa wa 'yan matan Kano da Kazaure. Ban taɓa rubuta tauraruwa mai furfura ba, furfura ta uwar miji ce da boka da muguwar kishiya. To wa zan zarga ranar da na ga sili uku na firgita? Tsoron da na sayar wa masu karatu ne ya dawo mini.

Likitan da ya duba ni bai tambaye ni sunan abin da na shafa ba, don ya san babu. Tambayarsa ita ce, "Hajiya, kina yin baƙin lalle a hannu?" Na ce tun ina budurwa, wane biki ne za a yi ban yi zanen fulawa ba? Ya ce to daga nan aka fara. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi, iyakarsa ja zuwa ruwan makuba, kuma sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya kama. Duk wanda kika ga ya yi baƙi ƙirin cikin rabin sa'a, akasari PPD ne a ciki. Jiki yakan yi shiru yana haƙuri shekara da shekaru, yana ajiye abin a ransa, ranar da ya ƙi kuwa ya ƙi ke nan har abada. Kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mata da yawa ba sa danganta kumburin da rinin, sai a ce sammu ne ko kambun baka. Ni ma fa sai da aka fara kawo mini wannan zancen, har an fara kallon wani gida.

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce PPD kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari a rinin gashi bayan an kwaɓa, kuma ba a yarda a zana shi a fata ba sam. Wanda ake ƙullawa a leda a sayar mana babu wanda ya auna shi. A Sudan, inda mata suka daɗe suna haɗa shi da lalle, likitocin Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar wannan haɗi, 13 daga cikinsu suka rasu. Yana kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, yana kuma kashe ƙoda, musamman in an sha shi. Don Allah wadda take ajiye shi a ɗaki ta ɗaga shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada a bar kwaɓin a kofi a tsakar gida a tafi amsa sallama.

Ba cewa nake kada kowa ta rina kai ba, ni ba na cikin masu hana mace kwalliya a ɗakin mijinta. Amma tunda na sha wuya, bari na faɗi abin da na koya. Rinin kanti mai daɗewa kwalba biyu ne a kwali. Ɗaya tana buɗe bayan silin gashi, ɗayar tana cinye launin da Allah ya halitta a ciki, sannan ƙananan ƙwayoyin rinin su shiga su haɗu su yi girma su kasa fitowa. Shi ya sa wanki ba ya fitar da shi, sai dai sabon gashi ya tsiro, shi kuma a wata bai fi kamar santimita 1 yake yi ba. Wato in kin zaɓi launi kin zauna da shi ke nan. Lambobin da ke jikin kwalin daga 1 suke zuwa 10, lamba 1 baƙi ƙirin, 10 fari-fari irin na Turawa. Hoton matar da ke jikin kwalin kuwa kada ya ruɗe ki, ba a kan irin gashinmu aka gwada ba. Gashinmu baƙi ne, ba zai koma ruwan zuma ko ruwan gwal ba sai an fara kashe baƙin da sinadari mai ƙarfi, kuma nan ne gashi ke karyewa. Na ga yarinyar maƙwabta ta so ruwan zuma don bikin ƙawarta, ta samu ruwan goro, bayan mako biyu kuma tana taje kai yana biyo matajin. Ta yi rilaksa da rini a yini ɗaya, abin da ya kamata a raba su da mako biyu a ƙalla. Mai furfura kuma, baƙi lamba 1 shi ya fi tona asiri, don fuska ta manyanta kai kuma ya yi baƙin da ko jariri ba shi da shi, da saiwa ta fito kuwa sai farin ya yi layi kamar an ja alli. Lamba 2 ko 3 ta fi kama da na halitta.

In kin saya, ki sayi mai kwali da takarda da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki kwaɓa ɗan kaɗan ki ɗiga a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki jira sa'a 48. Kowane karo fa, ba karon farko kaɗai ba, don ni a na uku ya kama ni. Ki sa safar hannu, ki shafa man kaɗanya ko basilin a goshi da kunne, ki duba agogo kada ki ƙara minti ko ɗaya a kan abin da takarda ta ce, kada ki sa a gira, kada ki sa in akwai ƙurji a kai. In kika ji leɓe ko harshe na kumbura ko numfashi na yi miki wuya, ki wanke ki tafi asibiti a lokacin, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Ni dai ƙofar kanti ta rufe mini, likita ya ce ko a hannu kada na ƙara. Sai na koma wajen tsofaffi. Lalle shi ba ya buɗe gashi, mannewa yake a jikinsa, don haka ba ya mayar da baƙi ja, sai dai in kin fita rana a ga ɗan ja-ja yana wulgawa. Farin ne yake kamawa sosai, ya mayar da shi ruwan goro irin na gemun dattawa. Wadda ba ta son haka, akwai dabarar da matan Indiya da Farisa suka daɗe da sani, kuma kayanta duk a gonarmu suke. A fara sa lalle, wanda aka kwaɓa da ɗan lemun tsami aka bar shi ya kwana, a rufe kai da leda sa'a uku ko huɗu, a wanke. Sannan a kwaɓa garin ɗanyen ganyen baba da ruwan ɗumi a shafa nan take, don shi ba ya jira, in ya daɗe a kwano ya mutu. Jan lalle da shuɗin baba in suka hau kan juna sai su ba da duhu. In kuma aka haɗa su a kwano ɗaya, ruwan ƙasa ake samu. Shi ma a gwada a bayan kunne tukuna, kuma kada a sa wa jarirai lalle, akwai yaran da jininsu ba ya ɗaukarsa.

Samun baban ne ya zama aiki. Na aika Roni aka ce babu mai nomansa yanzu, na aika Babura Gwaggo ta ce sai dai ta sa a duba mata a tsallaken iyaka. A ƙarshe wani jikan ƙanin Kaka ne ya samo mini a gefen wata tsohuwar gona ta wajen Gwiwa, ya fito da kansa babu wanda ya shuka, awaki ma ba su kula shi ba. Aka shanya a inuwa aka daka aka kawo mini a gwangwanin madara.

Ranar da na yi, Kaka tana gidan, ta zo ganin likitan ido. Ina zaune da leda a kai, warin ganye ya cika tsakar gida, yara suna toshe hanci suna dariya. Ta sa aka kawo mata kwanon, ta dangwala yatsa ta shinshina, ta yi shiru. Can ta ce, "Warin marinar garinmu ke nan." Da na wanke kai na zo na durƙusa a gabanta ta duba, ta juya ni ta fuskar rana, ta tsaga da yatsunta, ta ce silin ukun sun ɓace amma ta ga wasu biyu sababbi a ƙeya waɗanda hannuna bai kai ba. Na ce a bar su sai wani watan. Ita kuwa ba ta wanke yatsan ba, har aka mayar da ita Roni bayan kwana uku farcenta da shuɗi.